Labarin Edison Mai Ƙwan Lantarki, da Motar da Ta Gagare Shi

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san sunan Thomas Edison, kuma in ka tambayi ɗan makaranta ko wane ne shi, tun daga Tambuwal har Kebbe, amsa guda za ka ji, watau Baturen nan da ya ƙago ƙwan lantarki. A da littafin karatu ne ke ba yara wannan amsa. Yanzu kuwa fina-finai suka karɓi aikin, na gidajen kallo da guntayen da ke yawo cikin wayoyin hannu, kuma abin da ido ya gani ya fi zama a zuciyar yaro bisa ga abin da malam ya rubuta da alli. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu, musamman malamai da ma'aikatan ofis, labarin mutumin nan yadda takardunsa suka nuna shi, muna gwada shi da yadda 'yan majigi suka tsara.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi ƙasarmu. Cikin Janairu 1907 ba wanda zai yi mamakin ganin mota mai lantarki a biranen Amurka. Amma da aka cika shekara 100, cikin Janairu 2007, da kamfanin General Motors ya nuna samfurin motarsa Chevrolet Volt a birnin Detroit, sai duniya ta ɗauke ta sabon abu. Wanda ya zana surar wannan samfur shi ne Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogondaji ne a ƙasar Tambuwal. Ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa, cikin 2021, aka buɗe wurin ɗura wa motoci lantarki daga hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. To, wannan mota da muke kira sabuwa, Edison ya yi shekara 10 cur yana fama da ita, ta kuwa gagare shi.

An haifi Thomas Alva Edison ran 11 ga Fabrairu 1847 a wani ɗan gari da ake kira Milan cikin jihar Ohio. Shi ne auta cikin 'ya'ya 7. Yana da shekara 7 suka ƙaura zuwa Port Huron a jihar Michigan, nan aka sa shi makaranta, amma bai wuce 'yan watanni ba. Bisa ga abin da shi kansa ya riƙa faɗi bayan ya girma, ya ji malaminsa na cewa kansa a rikice yake, ya koma gida ya gaya wa uwarsa Nancy, ita kuwa da ma tsohuwar malama ce, sai ta cire shi ta ci gaba da koya masa a gida. Iyakar abin da aka sani ke nan. Labarin nan da ke yawo cikin wayoyi, wai makaranta ta aiko da wasiƙar kora, uwar ta karanta masa ita a juye don kada ransa ya ɓaci, bai gane ba sai bayan rasuwarta, ba shi da tushe cikin takardun gidan. Muna roƙon malamai su bar karanta shi a taron safe, ko da yake mun san yana sa ƙwalla.

Yana da shekara 12 ya kama sayar da jarida da alewa cikin jirgin ƙasa tsakanin Port Huron da Detroit, tafiyar kamar mil 60, kusan daga Sakkwato zuwa Tambuwal. A wannan lokaci jinsa ya fara raguwa, har ya zama kusan kurma iyakar ransa. An ce wai wani ma'aikacin jirgi ne ya mare shi don ya ta da gobara a tarago. Shi Edison wani lokaci ya ba da labarin ta wata fuska dabam, masana kuwa sun fi zaton ciwon kunne ne na ƙuruciya. Cikin 1940 kamfanin MGM ya yi fim a kan ƙuruciyarsa mai suna Young Tom Edison, inda aka nuna yaron ya ɗauko babban madubi ya tara hasken fitilu don likita ya yi wa uwarsa aiki cikin dare, aka kuma nuna shi yana busa usur ɗin jirgi da alamun tangarahu don ya tsai da wani jirgi kafin ya afka karyayyar gada. Duka biyu ƙagen marubuta ne. Abin da ya auku da gaske bai kai wannan armashi ba, amma shi ya juya rayuwarsa: cikin 1862 ya fizge ɗan wani shugaban tasha, yaro mai shekara 3, daga gaban tarago mai gangarowa, uban kuwa ya saka masa da koya masa aikin tangarahu.

Ya yi shekara 5 yana yawon wannan aiki gari gari, yawanci aikin dare, abin da ya samu yana ƙarewa wajen sayen littattafai da kayan gwaji. Cikin 1869 ya sami takardar shaidar ƙirƙira ta farko, a kan wata na'ura ta ƙidaya ƙuri'u a majalisa. Ba wanda ya saya, gama 'yan majalisa ba su son a gaggauta musu ƙuri'a. Daga nan ya koma ga abin da kasuwa ke nema. Ya gyara na'urar buga farashin hannun jari, sa'an nan cikin 1874 ya fito da dabarar aika saƙo 4 a lokaci guda bisa waya ɗaya. Da kuɗin da ya samu ya gina ma'aikatarsa ta Menlo Park a jihar New Jersey cikin 1876.

A nan ya kamata mu dakata, domin a ganinmu wannan ma'aikata ita ce babbar ƙirƙirar Edison, ta fi ƙwan lantarki, ta fi garmaho. Kafin shi mai ƙirƙira mutum ne shi kaɗai cikin ɗaki. Shi kuwa sai ya tara maƙera, da masu hura gilashi, da masana lissafi, da masana haɗa magunguna a ƙarƙashin rufi guda, ya raba musu aiki, ya ajiye littattafan rubutu bisa kowane tebur, ya sa a rubuta kowane gwaji da kwanan wata da sa hannun wanda ya yi, ko gwajin ya ci ko ya faɗi. Ba don tarihi ya yi haka ba, don shari'a ya yi, saboda in an je gaban alƙali kan wa ya riga wa, littafi ne shaida. Akawun da ya taɓa neman wata tsohuwar takarda cikin fayil ya same ta a inda ya kamata, shi zai fi kowa gane darajar wannan. Garmaho na farko, na 1877, Edison ya zana, amma John Kruesi, maƙeri ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya ƙera. Charles Batchelor, mutumin Ingila, shi ne hannun damansa wajen gwaji. Francis Upton shi ke yi masa lissafin da ya fi ƙarfinsa, gama Edison bai yi nisa cikin lissafi ba, bai kuma ɓoye haka ba.

Maganar ƙwan lantarki kuwa, ba Edison ya fara ba. Mutane da dama sun gwada tun shekaru 40 kafin shi, kuma Joseph Swan ya nuna nasa ƙwan a Newcastle ta Ingila a farkon 1879. Abin da ya gagari na farko shi ne zaren da zai daɗe yana ci bai ƙone ba, kuma wanda ba zai sha wuta mai yawa ba, don kada wayar tagullar da za a ja zuwa gidaje ta yi kaurin da ba mai iya biya. Wannan tunani na biyu shi ya bambanta Edison: tun farko gari gaba ɗaya yake lissafi, da injin, da waya, da mita, da kuɗin wata. Ran 22 ga Oktoba 1879 ƙwan da suka sa wa zaren auduga da aka toya ya zama gawayi ya kama ci. Littattafai da yawa sun ce ya yi awa 40. Littafin da Batchelor ya rubuta a ranar ya nuna bai kai awa 15 ba, kuma sai cikin 1986 masana biyu, Robert Friedel da Paul Israel, suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya suka daidaita labarin. Daga baya suka koma ga zaren gora ta ƙasar Japan, mai kai awa 1,200. A Ingila kuwa tilas Edison ya haɗa kamfani da Swan cikin 1883. Ran 4 ga Satumba 1882 tashar Pearl Street ta Niyu Yok ta kunna fitilu wajen 400.

Fim na biyu na MGM, Edison, the Man, shi ma na 1940, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayin Edison, a kan wannan zamani ya tsaya. Ya nuna mataimakan, amma da sunayen ƙage, ya kuma ƙirƙiro wani mugun attajiri mai suna Taggart don a sami wanda za a ƙi. Haka mutanen da suka kwana bisa benci suka ɓace daga labarin aikinsu. Cikin waɗanda suka cancanci ambato akwai Lewis Latimer, baƙar fata, ɗan bayin da suka gudu daga Virginia, wanda ya sami takardar ƙirƙira cikin 1882 kan hanyar toya zaren gawayi, daga baya ya koma kamfanin Edison yana zane yana kuma ba da shaida a kotu. Amma fa kada a gyara ƙarya da ƙarya: masu cewa yanzu Latimer ne ya ƙago ƙwan aka ƙwace masa, su ma sun wuce gona da iri. Wani abin lura, maigidan Latimer na farko a harkar fitila shi ne Hiram Maxim, wanda ya bar fitila ya koma ƙera bindiga mai ruwan harsashi, irin wadda Turawa suka zo da ita bakin ganuwar Sakkwato cikin Maris 1903.

Daga nan sai zamanin da ya fi muni cikin rayuwarsa. Wutar Edison mai tafiya hanya guda ce, ba ta wuce kamar mil 1 daga tasha sai ta raunana. Cikin 1886 George Westinghouse ya fito da wuta mai kai da komo, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a aika ta nesa, a kuma sauke shi a bakin gari. Irinta ce ke tasowa daga Kainji ta biyo ta Birnin Kebbi zuwa ƙasar Sakkwato. Da ta Edison aka bi, da kowace unguwa sai ta sami injinta. Nikola Tesla, wanda ya yi wa Edison aiki kamar wata 6 ya bari, ya ba Westinghouse izinin amfani da injinsa mai aiki da wannan wuta cikin 1888. Maimakon Edison ya karɓi gaskiya, sai ya shiga tsoratar da jama'a. Ya bar wani Harold Brown ya yi amfani da ma'aikatarsa yana kashe karnuka da maruƙa da dawaki da wutar abokin gaba, ya kuma ba da shaida a kotu cikin 1889 cewa ita ta dace da kisan masu laifi. Ran 6 ga Agusta 1890 aka kashe William Kemmler bisa kujerar lantarki da injin Westinghouse, kisan kuwa bai yi kyaun gani ba. Wannan tabo ne na gaske, ba mu da abin wanke shi da shi. Bai kuma amfane shi ba: cikin 1892 masu kuɗi suka haɗe kamfaninsa da wani, suka sa wa sabon suna General Electric, suka cire sunansa.

To, da yake laifin gaske ya isa, me ya kawo ƙari? Fim ɗin The Prestige na 2006 ya nuna mutanen Edison sun ƙone ma'aikatar Tesla ta Colorado Springs. Ba a ƙone ta ba, rushe ta aka yi aka sayar da kayan don biyan bashi. Ana kuma yawan cewa Edison ya kashe giwa don ya ɓata sunan Westinghouse. Giwar nan, Topsy, masu ita ne suka yanke kashe ta ran 4 ga Janairu 1903, shekara 10 bayan rigimar ta ƙare. Ma'aikatan kamfanin fim na Edison sun ɗauki hoton, amma ba wata shaida cewa shi yana wurin. Fim ɗin The Current War, wanda ya fito cikin 2019, ya fi su kusa da gaskiya, duk da haka ya tura shekaru yadda ya so. Matar Edison ta fari, Mary, ta rasu cikin 1884, kafin Westinghouse ya shigo fagen, amma an jawo rasuwarta cikin rigimar. Ta biyu, Mina, wadda ya aura cikin 1886 ta haifa masa 'ya'ya 3, ba a ko nuna ta ba. Injiniya Franklin Pope, wanda fim ya kashe a tsakiyar faɗan, sai 1895 wuta ta kama shi a gidansa.

Ba mu ce a bar kallo ba. Mu da muka san amfanin da majigin En'e ya yi a filayen kasuwa wajen koyar da noma da tsabta ba za mu raina hoto mai motsi ba. Mai fim yana da awa 2 ne ya zuba shekara 84 a ciki, dole ya taƙaita, dole ya haɗe mutum 3 su zama ɗaya, wannan mun yafe masa. Abin da ba mu yafe ba shi ne a ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba, ko a ba shi aikin wani. Masu karatu sun tuna ƙorafin da ya biyo fim ɗin Amina na 2021 kan sutura da harshe da al'adun Zazzau. In wata rana wani ya tashi yin fim kan Muhammadu Buhari ɗan Shehu da zamansa na ribaɗi a Tambuwal, ya sa shi cikin yaƙin da bai je ba don kallo ya yi daɗi, mun san abin da dattawan garin za su ce.

Abin dariya a nan shi ne, wannan ciwo a gidan Edison aka haife shi. A sabuwar ma'aikatarsa ta West Orange, wadda ya buɗe cikin 1887, William Dickson ya yi yawancin aikin na'urar ɗaukar hoto mai motsi da akwatin leƙensa, aka buɗe shagon kallo na farko a Niyu Yok ran 14 ga Afrilu 1894. Haska hoto bisa bango ga taron masu biya kuwa, 'yan'uwan nan Lumière suka shahara da shi a Faris cikin Disamba 1895, ya iso Ikko cikin 1903. Cikin 1895 kamfanin Edison ya yi ɗaya daga fina-finan tarihi na farko a duniya, na daƙiƙa 18, kan fille kan Sarauniya Mary ta Sikotilan wanda aka yi cikin 1587. Namiji ne ya sa kayan sarauniyar, da gatari ya tashi sai aka tsai da na'ura aka sa mutum-mutumi a madadinsa. Cikin 1900 kuma, ana tsakiyar yaƙin Ingila da Bowa a Afirka ta Kudu, kamfanin ya tara mutane bisa tuddan New Jersey, ya sa musu kayan soja, ya ɗauki yaƙin a can.

Bayan ya bar harkar fitila ya zuba dukiyarsa cikin niƙa duwatsu don tace tama da maganaɗisu. Ya yi kusan shekara 10 a kai, aka gano tama mai arha a Minnesota, aikin ya mutu. Yana da shekara 52, aljihu ya yi sauƙi, ya juya ga mota.

A lokacin ba wanda ya san irin motar da za ta ci kasuwa. Cikin motoci 4,192 da aka ƙera a Amurka a 1900, masu tururi 1,681 ne, masu lantarki 1,575, masu fetur 936 kacal. Motar da ta fara wuce kilomita 100 a awa, cikin Afrilu 1899 a Faransa, mai lantarki ce, Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya tuƙa ta. Mai fetur kuwa ga ƙara, ga hayaƙi, ga shi sai an juya wani ƙarfe a gabanta da hannu kafin ta tashi, in ya kuɓuce ya karya wa mutum hannu. Aibin mai lantarki guda ne, watau batir. Na dalma da ruwan asid ne, nauyi gare shi ƙwarai, asid na cin ƙarfen mota, shekara 2 ko 3 ya lalace. Edison ya ce zai yi wanda ba dalma ba asid, ya zaɓi ƙarfe da nikal cikin ruwa mai kaifi dangin ruwan toka. Wani ɗan Suwidin, Waldemar Jungner, shi ma yana kan wannan hanya tun 1899, har suka yi shari'a.

Ya kafa kamfanin batir cikin 1901, ya cika jaridu da alkawari, kamar yadda ya saba, tun abin bai nuna ba. Da batir ya shiga kasuwa sai ƙorafi ya fara zuwa: gwangwanin na yoyo, kuma bayan 'yan watanni ba ya riƙe wuta kamar da. A ƙarshen 1904 Edison ya yi abin da muke ganin ya fi kowane abu nuna halinsa na kirki. Masu saye na nan suna nema, gama ko a hakan ya fi na dalma ga waɗansu, amma ya tsai da ƙira, ya karɓi waɗanda suka lalace bisa asararsa, ya koma ɗakin gwaji. Shekara 5 ya yi yana biyan ma'aikata daga ribar garmaho, ana gwaji dubu bisa dubu, kowane da lambarsa cikin littafi. Suka gano garin gawayin da suka cakuɗa da nikal ne ke kawo raunin, suka maye shi da ɓawon nikal wanda ya fi takarda rashin kauri nesa ba kusa ba, ana jera shi hawa hawa cikin ƙananan bututu. Suka kuma ƙara ɗan litiyam cikin ruwan, ƙarfen da batir na motocin yau ya dogara a kansa, ko da yake ta wata hanya dabam. Sabon batir ya fito cikin 1909, ingantacce, mai jure wuya, mai shekaru da yawa bai mutu ba. Cikin 1910 aka yi tafiyar gwaji ta mil 1,000 da motoci masu ɗauke da shi.

Sai dai kafin ya gama wanka kasuwa ta watse. Cikin Janairu 1901 aka huda rijiyar mai ta Spindletop a Texas, fetur ya yi arha. Cikin Oktoba 1908 Henry Ford ya fito da Model T a kan dala 850, farashin kuma ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300, alhali motar Detroit Electric ta haura dala 2,000, in kana son batir na Edison ka ƙara 600. Cikin 1912 Charles Kettering ya sa wa Cadillac sitata mai lantarki, aka huta da juya ƙarfe, watau lantarki da kansa ya kawar da babban aibin abokiyar gabarsa. A ƙarƙashin duk wannan akwai lissafin da ba ya canzawa don son rai: laba 1 ta fetur na ɗauke da ƙarfin da ya ninka na laba 1 ta batir na wancan zamani fiye da sau 100. Bugu da ƙari, har wajen 1930 gona 1 cikin 10 ce ke da lantarki a Amurka. Manomin da waya ba ta kai ƙauyensa ba, ina zai ɗura wa mota wuta? Mutumin ƙauyukan Kebbe ba ya bukatar a fassara masa wannan tambaya, kuma ita ce dalilin da ya sa wurin da aka gina a jami'ar Sakkwato ya dogara ga rana. Ita kanta Volt, da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010, batir ɗinta na kai ta kamar mil 35 ne, sa'an nan ɗan injin fetur ya karɓa. Kuma kamar ƙwan Edison, aikin ɗaruruwan mutane ce, mai zane da nasa, masu batir da nasu.

Shi Ford ɗin nan tsohon ma'aikacin kamfanin wutar Edison ne a Detroit, kuma da suka fara haɗuwa cikin 1896, Edison ne ya ƙarfafa masa gwiwa kan motarsa mai fetur. Suka zama aminai. Matar Ford, Clara, motar lantarki take hawa, ba ta mijinta ba. Cikin Janairu 1914 Ford ya shaida wa 'yan jarida cewa shi da Edison za su fito da motar lantarki mai arha. An ƙera samfuri, amma batir na ƙarfe da nikal ba ya sakin wuta da sauri, ba ya kuma son sanyi, motar ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Ran 9 ga Disamba na shekarar gobara ta cinye yawancin masana'antun West Orange. Masu son ƙulla labari sun ce attajiran mai ne suka sa wutar don su kashe motar. Binciken lokacin ya nuna daga ɗakin duba fim ta tashi, gama fim na wancan zamani kamar albarushi yake.

Batir ɗin bai mutu tare da motar ba. Ya sami gida a alamun hanyar jirgin ƙasa, da fitilun taragu, da fitilar goshin masu haƙar kwal, da motocin kai kaya cikin gari, har ya zama ɗaya daga sassan da suka fi kawo wa Edison riba a ƙarshen ransa, aka kuma ci gaba da ƙera shi shekaru da yawa bayansa. Wannan babi, mafi tsawo cikin aikinsa, manyan fina-finan nan ba su tsaya kansa ba: na 1940 labarinsa ya tuƙe a 1882, na 2019 a bikin baje koli na Cikago na 1893. Ba mugu a ciki, ba daren nasara, sai mutum da littafin gwaji. Kamfanin da ya farfaɗo da motar lantarki a wannan ƙarni, wanda aka kafa cikin 2003, sunan Tesla ya ɗauka.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana neman roba cikin ciyayin Amurka, da kuɗin Ford da Harvey Firestone. Ran 21 ga Oktoba 1929 Ford ya shirya masa bikin cikar ƙwan lantarki shekara 50 a Dearborn, Shugaba Hoover ya halarta, tsohon ya zauna ya sake haɗa ƙwan gaban jama'a ana watsawa ta rediyo. Ya rasu ran 18 ga Oktoba 1931 a gidansa na West Orange yana da shekara 84, da takardun ƙirƙira 1,093 na Amurka da sunansa. A daren jana'izarsa aka roƙi mutanen ƙasar su kashe fitilunsu na minti 1. Ya bar takardu wajen shafi miliyan 5, cikinsu da littattafan gwaji kamar 3,500. Cikin 1978 Jami'ar Rutgers ta New Jersey ta kafa ƙungiyar masana don tantance su da buga su, an kuma sa da yawa daga cikinsu a intanet, inda malami zai iya buɗe shafin Batchelor na 22 ga Oktoba 1879 ya nuna wa ajinsa.